Kada a Mayar da Dattijo Ɗan Aji Ɗaya

Baffana, ƙanin mahaifina, ya haura shekara sittin, kuma fiye da arba'in daga cikinsu a ƙarƙashin mota ya yi su. Bakanike ne a Kano. Ya koyi aiki a zamanin da Fijo 504 ke fitowa sabuwa fil daga kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, lokacin da kunne da hanci da tafin hannu su ne kayan binciken bakanike. Mota za ta shigo gareji tana tari, kafin direba ya kashe ta Baffa ya riga ya faɗi ciwonta. Motocin yanzu kuwa da rubutu suke kai ƙara. Tun daga 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka sai da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike, Turai ma ta bi sahu daga baya, kuma irin waɗannan motoci ne suka cika titunanmu ta hanyar Kwatano da Legas. Ana jona na'urar sai ta fito da lamba, misali P0300, da ɗan bayani da Turanci a ƙasanta. Duk wanda ya iya karanta bayanin nan shi ne mai gareji a wannan lokacin, ko da bara ya fara wanke sufana.

Wannan ne ya kai Baffa ajin yamma na manya. Ya ce mini ya gaji da miƙa wa yaron shagonsa na'ura, yana tsaye a gaban mai mota yana jira a faɗa masa abin da motar ke cewa. Ga kuma saƙon banki da ke shigowa waya, wanda sai ya nemi mai duba masa ko kuɗi ne suka shigo ko fita suka yi.

Mako shida ya yi ya daina zuwa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ɗana, kan ya riga ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Ban yarda da wannan hukunci da ya yanke wa kansa ba a ranar, kuma bayan fiye da shekara ina zama da shi muna karatu, na ƙara ƙin yarda da shi. Idan dattijo ya shiga ajin Turanci ya kasa, yawanci hanyar koyarwar ce ta kasa shi. Mun ɗauki manhajar da aka tsara domin yaro ɗan shekara shida, mun ɗora wa mai jikoki, da ta ƙi zama a jikinsa sai muka ce tsufa ne.

Ku ji yadda ajin yake, kamar yadda ya kwatanta mini. Ɗakin 'yan firamare ne da aka aro bayan an tashi, da bencinsu wanda gwiwar babba ba ta shiga ƙarƙashin teburinsa. Malamin sa'an ɗansa na uku ne. Aka fara da "A for apple", ana amsawa baki ɗaya da ƙarfi. Wata rana aka kira shi gaban allo ya karanta "people", ya ce "fiful", wasu matasa a baya suka yi dariya, malam ya sa ya maimaita har sau biyar. Mutumin da aka saba durƙusawa a gaishe shi, wanda ya yaye makanikai da shi kansa bai san adadinsu ba, ya tsaya yana maimaita kalma ɗaya a gaban 'ya'yan cikinsa. Ba na zargin malamin da mugunta. Yadda aka koyar da shi haka ya koyar, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa koyar da babba fanni ne mai zaman kansa. Amma mu Hausawa mun san nauyin mutunci. Babba zai jure yunwa da asara, ba zai jure a mayar da shi abin dariya ba. Ranar da ya ce mini kansa ya bushe, abin da yake nufi shi ne ba zai koma inda aka kunyata shi ba.

Ni ma da na karɓi aikin, kuskuren malamin na fara maimaitawa. Na sayo littafin 'yan firamare mai hoton ƙwallo da kyanwa, muka yi mako biyu, ina kallon yadda hankalinsa ke ficewa tun kafin mu gama shafi. Ya ci gaba da zuwa ne kawai don kada ya watsa mini ƙasa a ido, kuma hakan ya dame ni ƙwarai.

Wata rana da la'asar na je garejin, na zauna a kan tsohuwar taya ina jiran ya gama aiki. Ina jin sa yana ba yara umarni, sai na ɗauko biro na fara rubuta abin da ke fitowa daga bakinsa. Birki, kuloci, giya, totur, fulogi, bawul, lagireto, salansa, sitiyari, batir, fambel, tanki, taya, jak, sigina. Da mai mota ya zo sai ga rasit, canji, caji, banki, ofis, lamba. Kafin a kira sallar magariba na cika shafi biyu. Na kai masa takardar na ce, "Baffa, kun san duk waɗannan daga Turanci suka fito?" Ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce, "Birkin ma? Ai birki Hausa ce." Na ce masa gaskiyarsa, Hausa ce yanzu, amma baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida.

Daga wannan takarda karatunmu ya fara na gaskiya. Na rubuta "brake" kusa da birki, "plug" kusa da fulogi, "clutch" kusa da kuloci, "valve" kusa da bawul. Sannan na nuna masa ƙa'idar da harshenmu ke bi idan ya ari kalma: Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, don haka sai ta cusa wasali a tsakaninsu, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Ba ta rarrabe sautin "p" da "f", shi ya sa "pump" ya zama famfo, kuma ba ta da "v", sai ta sa "b" a gurbinsa. Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya ɗauki biron ya nuna sukundireba ya ce to wannan ma a cire mata wasalan da aka ƙara mu ga asalinta. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana kwance inji yana mayarwa. Da zarar ya gane cewa kalma ma tana kwantuwa, sai abin ya zama irin aikin da hannunsa ya sani. "Fiful" ɗin da aka yi masa dariya a kanta ta tashi daga zama shaidar daƙiƙanci, ta koma ƙa'idar harshen uwa da kowane Bahaushe ke bi, har da malamin da ya tsayar da shi.

Wannan shi ne bambancin yaro da babba a wajen koyo. Yaro yana kwaikwayo, ya haddace waƙa ba tare da ya tambayi dalili ba, kuma yana da shekaru goma sha biyu na makaranta a gabansa. Babba yana son ya san me ya sa, yana son ya ga inda zai yi amfani da abin gobe da safe, kuma ya zo da kaya a kansa, na sana'a da na rayuwa. Malamin da ya yi kamar wannan kayan babu su ya jefar da jarin ɗalibinsa tun ranar farko. Mai koda a kasuwar Kwari da tela da direban tirela da uwar gida mai sayar da atamfa a cikin gida, kowannensu yana da tasa takardar mai shafi biyu, in an zauna an saurare shi.

Akwai wani jarin kuma da muka fi yin watsi da shi. Baffa ya yi makarantar allo, ya sauke, yana karanta ajami ba gargada. A takardun hukuma irinsa ake sawa a layin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba, kuma wannan zalunci ne na lissafi. Mutumin da ya bi babbaƙu da farfaru ya riga ya san babban sirrin karatu, wato cewa alama a kan allo tana wakiltar sauti, kuma alamomi suna haɗuwa su ba da kalma. Ya san tilawa, ya san cewa abin da ba a maimaita shi yana guduwa. Har yanzu takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, kuma irin su Baffa da shi suke karanta kuɗinsu. Don haka na bar shi ya riƙa rubuta lafazin kowace kalmar Turanci da ajami a ƙarƙashinta. Na san akwai malaman da za su ce wannan zai ɓata masa lafazi. Ni abin da na gani shi ne ya samu igiyar da zai riƙe idan ya koma gida babu ni a kusa, har ya iya yin bita shi kaɗai bayan sallar asuba.

Dole kuma a gaya wa babba gaskiya game da rubutun Turanci, domin idan ba a gaya masa ba laifin zai ɗora wa kansa. Hausar boko kusan yadda aka faɗe ta haka ake rubuta ta. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗaukar sautuka fiye da 40, kuma rubutunsa ya daskare tun ƙarnoni da suka wuce alhali furucin ya ci gaba da sauyawa. Na rubuta masa "though" da "tough" da "through", na karanta masa su, ya ga haruffa huɗu iri ɗaya suna ba da sauti uku. Na ce masa 'ya'yan Ingila ma suna shan wahala a nan. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Sannan na nuna masa wuraren da Bahaushe ke da riba. Mu muna rarrabe shi da ita, don haka "he" da "she" ba sa rikita mu yadda suke rikita masu harsunan da ba su da wannan bambanci. Muna da kai da ke da ku, Turanci ya tattara su duka a "you". Jam'in Hausa daji ne, gida gidaje, doki dawaki, mutum mutane, shi kuwa Turanci yawanci "s" kawai yake ƙarawa. Inda tudun yake shi ne aikatau: mu a jikin wakilin suna muke nuna lokaci, na tafi, zan tafi, ina tafiya, su kuma kalmar aikin ce ke rikiɗa, "go" ta koma "went" ba tare da wata kama ba. A nan muka daɗe, kuma har yau ba mu fita ba.

Wani abu kuma mai sauƙi da na kusa rasa ganewa. Na lura yana nesanta takarda daga fuskarsa, kuma yakan ce ya gaji bayan minti goma. Ido ne. Daga wajen shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa, kuma tabarau na karatu yana gyara shi. Muka je aka auna shi aka ba shi tabarau, na kuma koma rubuta masa da manyan haruffa. Rabin abin da muke kira taurin kai ya tafi a makon. Ina tunanin dattawa nawa ne suka bar ajin dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki guda ɗaya mai dishi-dishi, suna zaton ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙi, alhali harafin ne ba sa gani, ko muryar malam ce ba ta isa kunnensu daga bencin baya.

Akwai masu ra'ayin cewa ajin Turanci bai kamata a ji Hausa a cikinsa ba ko kaɗan. Da yawanmu mun taso a makarantun da ake cin tara ko bulala idan an kama ka kana Hausa. Ko a kan yara ina da ja a kan wannan, balle a kan dattijo. Hana shi harshensa daidai yake da ɗaure masa hannu a ce ya kwance inji. Tarihinmu ma bai goyi bayan wannan ra'ayi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ilimantar da matan karkara, manya da tsofaffi, ta hannun jajis, wato malamai mata masu zagaya ƙauyuka na ƙungiyar 'Yan Taru, da waƙoƙi cikin Hausa da Fulatanci, harsunan da matan ke ji. Gangamin Yaƙi da Jahilci na Jihar Arewa a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorantarsa, da harsunan gida ya koyar da manya, kuma hukumar adabi ta Jihar Arewa, wato NORLA, a Zariya ta riƙa buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna don su sami abin karantawa da ya shafi rayuwarsu. A can Brazil, a garin Angicos a 1963, masanin ilimi Paulo Freire da abokan aikinsa sun koya wa ma'aikata kusan 300 karatu cikin awa arba'in na darasi, kuma kafin su buɗe aji sai da suka bi mutanen suna tattara kalmomin da suke amfani da su a gona da kasuwa da gida. Gaskiya ne wannan karatun harshen uwa ne, Turanci kuwa baƙon harshe ne, ya fi wuya kuma ya fi cin lokaci. Amma hakan ƙarin dalili ne na a bar wa mai koyo abin da ya sani ya taka.

Ba zan ɓoye cewa karin maganar Baffa tana da gaskiya a wani ɓangare ba. Shekaru suna rage saurin kama sabon abu. Kalmar da jikansa zai riƙe da ji biyu, shi sai mun dawo mata sau goma a ranaku daban-daban. Kunnensa ba ya rarrabe wasu wasulan Turanci, kuma sautin "th" ba na jin zai taɓa zama a harshensa. Ba zai yi magana kamar mai karanta labarai a rediyon Landan ba. To amma wa ya ce abin da ya zo nema ke nan? Ya zo ne ya karanta na'urarsa da saƙon bankinsa da takardar maganinsa. Idan aka auna shi da ma'aunin jarrabawar WAEC ya faɗi, idan aka auna shi da buƙatar da ta fito da shi daga gida yana cin nasara kowane mako. Mu muka zaɓi ma'aunin da bai dace ba. Saboda haka muka taƙaita zama, minti ashirin tsakanin magariba da isha'i, kusan kullum, maimakon awa biyu sau ɗaya a mako. Kalma biyar sababbi, sauran lokacin bita. Kuma ba na gyara masa a gaban kowa, ko da jikokinsa ne.

Wasu kuma daga cikin dangi sun ce mini mai shekara sittin me zai yi da Turanci, ya kama carbinsa mana. Carbin yana hannunsa, bai ajiye ba. Amma ƙasar da yake zaune a cikinta da Turanci take magana da shi. Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma mun ga yadda tanadin ya tsaya a takarda. Fom ɗin banki, katin asibiti, rajistar BVN da NIN, tantance 'yan fansho, takardar sakamakon jika, duk Turanci. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka tura kowa ga tiransifa da POS, dattawa da yawa sun miƙa katinsu da lambar sirrinsu ga wanda ya iya karanta allon na'ura, don ba su da zaɓi. 'Yan damfara sun san wannan rauni, shi ya sa suke kiran tsofaffi suna cewa daga banki ne. Ina cikin masu ganin ya wajaba bankuna da asibitoci su yi wa mutane magana da harshen da suke ji, kuma zan ci gaba da faɗa. Sai dai Baffa ba zai jira ranar ba, gobe ma mota za ta shigo garejinsa.

Ba hukumomi muka rasa ba. Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya tun 1980 a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata ta ƙasa a 1990, sauran jihohi ma suna da nasu. Abin da nake roƙo shi ne a sauya abin da ke faruwa a cikin ɗakin. A horar da malamin manya a matsayin malamin manya, a koya masa ya fara da tambayar ɗalibi me ya kawo shi. A raba ajin dattawa da na matasan da suka bar makaranta, don buƙatunsu da saurinsu da kunyarsu ba ɗaya ba ne. A auna ido a makon farko. A amince da ajami a matsayin tsani. Littafin kuma a rubuta shi daga gareji da kasuwa da asibiti, kuma wannan ba sai an jira gwamnati ba: ƙungiyoyin makanikai da na teloli da na 'yan kasuwa suna da rumfuna da shugabanni da 'ya'ya masu digiri da ke zaune a gida, sun isa su buɗe ajinsu a wurin aikinsu, inda dattijo ke zaune a kujerarsa ta girma.

Watanni kaɗan da suka wuce wata Toyota ta shigo garejin fitilar inji tana kunne. Baffa ya jona na'urar da kansa, ya gyara zaman tabarau, ya bi rubutun da yatsa a hankali. Kalmar "cylinder" ya fara ganewa, don silinda ce, sannan "misfire", wadda muka yi kwana uku a kanta. Ya ɗago ya ce wa yaron ya kwance fulogi na uku ya kawo masa. Har yanzu ba ya iya rubuta jimla mai tsawo, kuma idan mai magana ya yi sauri yakan ɓace masa. A makon jiya ya ce mini amininsa mai gyaran wayar mota yana so ya riƙa zama da mu, amma da sharaɗin a bayan gareji za a yi, bayan yara sun tashi. Na ce masa ya gaya masa ya zo da tabaransa, ni kuma zan fara zuwa rumfarsa da biro da takarda in zauna in ji yadda yake magana da masu mota.